Ban Ruwa

Da dare, in Mabera ta yi tsit,
sai kukan janareton maƙwabta,
nakan soka igiyar waya a kunne
in miƙe kan tabarma a tsakar gida.
Abin da ake ji, ƙarar ruwan sama,
ruwan da Sakkwato ta yi wata bakwai ba ta gani ba.
A ƙarƙashinsa, in ji masu abin,
akwai murya siririya da kunne ba ya kamawa,
zuciya ce ke tsinta, kamar kaza a masussuka.

Da ɗaya na fara, ta cire tsoro.
Kwana uku na gai da shugaban ofishinmu
murya ba ta yi rawa ba.
Na ce, ashe!
Nan kwaɗayi ya wage baki.
Na sauke ta arziki, na sauke ta kaifin ƙwaƙwalwa,
ta barin fushi, ta tashin asuba, ta farin jini,
har da wata wai ta ƙarin tsawo,
ni da na ba ashirin da bakwai baya.
Goma sha ɗaya.
Na ɗaure su jere kamar awaki a Kara,
wannan na sauka, waccan na hawa,
ɗari biyu kullum a shagon mai caji.

Kafin sati biyu kaina ya zama tasha,
kowane ɗan kamasho na kiran garinsa,
mota ba ta tashi ba.
Barci ya kwashe kayansa.
Na zuba gishiri a shayi, na sha rabi kafin in gane.
Hajo, ƙanwata, ta taɓa wayar kawai,
na daka mata tsawar da ta sa ta sakin kofi,
alhali ta barin fushin tana cikin kunnena
tana aikinta, wai.

Inna ba ta ce komai ba.
Ranar Asabar ta aike ni Kwalkwalawa
in kai wa Kawu Labbo maganin ƙafa.

Na iske shi cikin albasa, laka har gwiwa.
Ya sara bakin fangali da fartanya,
ruwan Rima ya shiga yana sanɗa,
bai kai ko'ina ba ya toshe, ya matsa gaba.
Na ce, Kawu, ga ruwa har ya yi yawa,
bar shi mana ta ƙoshi.
Bai ɗago kai ba.
"Yaro, albasa ba kihi ba ta.
In ka cika mata, daga ƙasa taka ruɓewa,
ganye na kore, kai kana murna.
Na jiya ma bai ƙare shiga ba.
Ka ba ta, ka toshe, ka tahi.
Jibi ka komo."
Sai ya nuna igiyar da ke rataye a wuyana:
"Wanga fa, wa ka toshe mai baki?"

A keken dawowa na goge goma.
Yatsana ya yi nauyi a kan ta arziki,
ban ɓoye ba.

Yanzu ɗaya ce, bayan isha'i,
gwargwadon tafasar ruwan shayi da hucewarsa,
dare uku a mako.
Sauran dararen kunne nawa ne.
Ko muryar ce ke aiki, ko barcin da ya dawo,
wallahi ban sani ba.
Na dai saya wa Hajo sabon kofi.

Daren jiya hadari ya haɗo daga gabas.
Na ji ɗigon farko a kan kwano,
na kai hannu in rage ƙarar waya,
sai na tarar tana ɗaki, a kashe.
Ƙamshin ƙasa ya taso.
Wancan ruwan, wata biyu ina jin sa,
bai taɓa yin ƙamshi ba.